Minti Arba'in da Biyar na Inna Dije

Akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da na baza katunan majinyata goma sha bakwai a kan teburina bayan an tashi daga aiki, na ƙura musu ido, sai na ga goma sha shida daga cikinsu hannu ɗaya ne ya cika su. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ina cewa a bi takarda a hankali. To, daga wannan rana abin ya samo asali.

A lokacin ni ne incaj na wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Ga wanda ba ɗan aikin ba, incaj shi ne jami'in lafiyar da aka damƙa wa asibitin: shi ke duba marasa lafiya, shi ke rubuta magani, shi kuma ake kama idan wani abu ya ɓaci. Ba likita ba ne, amma mutanen ƙauye da likita suke kiransa. Mu uku ne a wurin: ni, da ungozoma, da Malam Ado mai ba da magani ta taga, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, ya kuma riga ni zuwa garin.

Ranar Laraba muka ware wa masu daɗaɗɗen ciwo, irin wanda ba ya kashewa kuma ba ya tafiya: ciwon kwankwaso, sanyin ƙashi, gaɓɓan da suka cinye. Yawancinsu manoma ne da makiyaya da suka manyanta. Su zo, in duba su, in rubuta musu maganin rage zogi na mako guda, su karɓa a taga su tafi. Iyakar abin da muke iya yi musu ke nan, mu da su duk mun sani.

Bayan an gama kaka aka turo mana Hajiya Maimuna daga Kazaure. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce, ta girme ni a muƙami, kuma ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas ba. Ta ce ta zo da abin da ake kira zaman natsuwa. Mutum ya sami wuri ya zauna, ya sassauta jikinsa, ya mai da hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa. In tunani ya ɗauke shi, ya dawo da kansa a hankali. In ciwon ya motsa, ya lura da shi ba tare da ya ɗaure jiki yana kokawa da shi ba. Ta ce ba ya warkar da ƙashi, amma yakan rage wa wasu nauyin ciwon a zuciya, har su sami barci. Sharaɗinsa, kamar yadda aka koya musu, minti arba'in da biyar kullum, har mako takwas.

Gaskiya tun tana magana raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata, mutumin da kwankwasonsa ke hana shi sunkuyawa ya yi alwala, shi za a ce wa ya zauna ya saurari numfashinsa? Na kuma yi zargin wata ƙungiya ce ke neman sunayen mutane don ta cika rahotonta, aka laɓe da mu. Ban faɗa ba, amma na san ta gani a fuskata.

Da ta tara majinyatan a ƙarƙashin darbejiyar asibiti, wanda ya fara ɗaga hannu shi ne Malam Iro tela, mai shago a bakin kasuwa, wanda zaman keken ɗinki na shekara talatin ya lalata wa baya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a cikin zaman nan, sunan wa ake kira?"

Ta ce, "Ba a kiran kowa, Malam. Ba ibada ba ce, ba ta shiga hurumin sallarka ko zikirinka ba. Kamar motsa jiki ne, sai dai na hankali."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ko dai maganin ne ya ƙare a sito, ba a son a gaya mana?"

Aka yi dariya, amma irin dariyar da ake yi ana kallon fuskar mai ba da amsa. Ta rantse musu maganinsu na nan. Sannan ta raba katuna. Kowane kati an zana masa gidaje, gida ɗaya na kwana ɗaya. Ranar da mutum ya cika mintunansa ya yi alama. Ranar da bai cika ba ya bar gidan fayau. Aikina shi ne in duba katunan duk Laraba, in buga mata waya in gaya mata yadda ake ciki.

Na gwada abin da kaina sau ɗaya, a ofis, tsakanin azahar da la'asar. Na ajiye waya a gabana na rufe ido. Da na ji na yi zaman da ya kai a ce an gama, sai na buɗe ido, na ga minti goma sha ɗaya. A cikin waɗannan mintuna na tuna tayar babur ɗina, na tuna buhun gyaɗar da ban ɗauko ba, ƙafata ta dama kuma ta yi sanyi. Ni da nake lafiya lau ke nan.

Shi ya sa da katunan suka fara dawowa a cike, abin ya ɗaure mini kai. Makon farko akwai giɓi nan da can. Mako na biyu sai ga su fes, babu gidan da aka tsallake. Na buga wa Hajiya, ta yi ta murna, ta ce a duk asibitocin da ta kai abin har su Babura da Kanya Babba babu inda aka kama shi kamar wurinmu. Yabo yana da daɗi. Na ajiye zargina a gefe na ɗan lokaci.

Kati ɗaya ne kawai yake ɓata mini lissafi, na Inna Dije. Bafulatana ce da ta haura sittin, suna zaune a wata ruga da ta zama gari, tafiyar kusan rabin awa a babur. Kwatangwalonta na hagu ne ya cinye, amma duk da haka takan kawo nono kasuwa tana ɗingishi. Ba ta da biro, da gawayi take yin alamarta. A mako sai ka ga biyu, wani lokaci uku, sauran gidajen babu komai.

A Laraba ta uku na ɗaga katinta sama a gaban mutane.

Na ce, "Inna, kowa ya cika nasa sai ke. Ke kaɗai ce mai aiki a gida? In ba kya so, ki faɗa, a ba wani."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta koma gefe ta jira, sai na gama da waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci. Ita na sallama a ƙarshe, rana ta take. Ta karɓi maganinta, ta ce, "Allah ya huci zuciyar likita," ta tafi.

A wannan makon ne kuma Malam Iro ya shigo yana tafiya a miƙe fiye da yadda na saba ganinsa. Ya ce bayansa da sauƙi, yana samun barci. Maimakon in yi murna sai na shiga zargi. Mun sha ganin masu ciwon baya sun koma shan ƙwaya mai ƙarfi ta bayan fage, irin wadda ake sayarwa a ɓoye, su zo suna cewa sun warke, bayan wata shida a kawo su a sanƙare. Na haska idonsa da tocila. Na sa ya miƙa hannuwansa in ga ko suna rawa. Na tambaye shi sau uku, ta hanya uku, ko akwai abin da yake sha ban da namu.

Ya ce, "Likita, yau kuma binciken 'yan sanda ake yi?"

Ban sami komai ba, amma ban yarda ba. Har mai kemis na garin na je na gaisa da shi, na kewaya na kewaya na jefo sunan Malam Iro. Ya ce rabonsa da shi tun da ya sayi man zafi da damina.

Sai ranar da na fara ba ku labari, Laraba ta huɗu. Hajiya ta ce in riƙe katunan kwana ɗaya in ɗauki hotonsu in tura mata, don za ta kai rahoton rabin zango. Da na jera su gefe da gefe sai na ga abin da ban gani ba lokacin da suke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga mako na biyu, duk jan biro ne. Kowace alama tana da 'yar wutsiya da ta lanƙwasa hagu. Mutum goma sha shida, wasu ko riƙe biro ba su iya ba, a ce duk hannunsu ya zo ɗaya? Na sha bakwai shi ne tsohon katin Inna Dije na makonni ukun farko, wanda na karɓe na ba ta sabo. Ita ba ta zo ba ranar.

Mutum ɗaya na sani mai jan biro a asibitin. Washegari da safe na kira Malam Ado ofis na rufe ƙofa. Na tura masa katunan.

Na ce, "Malam Ado, wa ya sa ka? Hajiya ce ta ce ka gyara mata su?"

Ya ɗauki ɗaya ya duba, ya ajiye. Ya zaro bironsa daga aljihu, ya yi alama a bayan wata takarda, ya turo mini. Tasa a tsaye take, ba wutsiya.

Ya ce, "Shekara bakwai muna cin tuwo a kwano ɗaya, yau ni ne mai cika katin ƙarya. To, madalla. In kana son ganin mai biron, ranar Laraba kada ka wuto asibiti kai tsaye. Ka biya ta bakin kasuwa da hantsi."

Na ce, "Ashe ka sani?"

"Kowa ya sani. Kai ne ba a gaya wa ba."

Ya fita. Kwana biyar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Ban tura wa Hajiya hotunan ba, na ce mata wayata ce ta sami matsala. Na mayar wa mutane katunansu ta hannun mai unguwa. Ranar Laraba na ajiye babur a bayan masallaci na taka zuwa shagon Malam Iro. Majinyatana na gani a jere a kan benci, kowa da katinsa a hannu. Malam Iro yana zaune a kan kekensa, ya ɗora kati a kan farantin keken, yana zuba alama da jan biron da yake rubuta awon kaya da shi. Bakwai, ya miƙa. Bakwai, ya miƙa.

Da na yi sallama babu wanda ya amsa da ƙarfi. Wata tsohuwa ta tura katinta ƙarƙashin mayafi. Malam Iro ya rufe bironsa a hankali, ya ce, "Likita, bismilla, ga wuri."

Ban zauna ba. Na ce, "Malam Iro, da girmanka? Me za ku samu a wannan ƙaryar?"

Ya ce, "Magani."

"Wane magani? Wa ya ce za a hana ku magani?"

"Kai ka faɗa."

Na ce ban taɓa faɗa ba, kuma har ga Allah na yi imani ban faɗa ba. Sai ya tuna mini. A makon farko, don in rage cunkoso, na ce kowa ya fara ajiye katin zamansa a teburina, sai na duba shi sannan in ba shi takardar zuwa taga. Ni tsarin layi nake yi. Su kuwa abin da suka ji shi ne: ba kati, ba magani.

Ya ce, "Mun yi ta gardama a nan, wasu na cewa ba haka kake nufi ba. Sai ga abin da ka yi wa Inna Dije a gabanmu. Daga ranar gardama ta ƙare. Likita, mutanen nan babu mai iya zaman minti arba'in da biyar. Wannan da kake gani, in ya zauna minti goma sai an ɗaga shi. Kuma babu mai iya kwana bakwai ba magani. Me kake so su yi?"

Na dubi bencin, sai a lokacin na lura da wanda babu.

Na ce, "Ina Inna Dije?"

Suka dubi juna. Malam Iro ya ce, "Na ce ta kawo in cika mata, ta ce ita ba ta iya cin magani da ƙarya. Rabon da a ga nononta a kasuwa mako biyu ke nan."

Na bar wa ungozoma asibiti na hau babur. Rana ta yi zafi sosai lokacin da na isa. Surukarta, matar ɗanta, ita ta shigar da ni. Na tarar da Inna Dije a kwance a kan tabarma a ɗaki, ta jingina ƙafar hagu a kan ƙullin tsumma. Ta rame. Da ta gane ni sai ta yunƙura za ta tashi, ta kasa, ta cije leɓe. Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro kati.

Ta ce, "Likita, na cika."

Gida goma sha huɗu, kowanne da baƙin gawayi, babu giɓi ko ɗaya.

Surukar ce ta ba ni sauran labarin. Tun ranar da ta dawo daga wurina, kullum bayan sallar walha sai ta sa a saita mata waya, ta naɗe ƙafa a ƙasa kamar yadda ta ga Hajiya ta zauna ranar farko, ba ta motsawa sai wayar ta yi ƙara. Tana yi hawaye na zuba. Da suka ce ta bari, sai ta ce likita ya ce ita kaɗai ce ba ta yi. Bayan kwana biyar ta daina iya hawa babur, don haka Laraba ta wuce ta. Maganinta ya ƙare. Ɗanta ya ce zai je ya karɓo mata, ta hana, ta ce ba za a bayar ba sai an ga kati a cike, a bari ta cika na mako biyu ta kai da kanta. Kwana uku na ƙarshe sai an riƙe ta ake zaunar da ita.

Na duba kwatangwalon. Ya kumbura, da zafi, ko taɓawa ba ta so. Wannan ya fi ƙarfin asibitina. Na ba ta abin da na zo da shi a jaka, na rubuta takardar tura ta babban asibiti, muka nemo mota daga bakin titi, aka ɗauke ta a kan katifa zuwa Kazaure.

Da yamma na buga wa Hajiya Maimuna na gaya mata komai, ban rage ba.

Sannan ta ce, "Malam Nasiru, tun ranar farko na san ba ka son shirin nan. Yanzu da ya rage kwana uku in kai rahoto, shi ne za ka ce mini duk ƙarya ne? Hotunan da ka ce wayarka ta hana ka turowa fa?"

Na ce, "Wannan ma ƙarya na yi miki, ranki ya daɗe. Ina so in tabbatar ne tukuna."

"To, ta yaya zan san wannan ce gaskiyar?"

Ba ta yi laifi ba. Ni na zarge ta, na zargi Malam Ado, na zargi Malam Iro, yau ga shi an juyo kaina. Na ce kada ta yarda da ni. Inna Dije tana kwance a asibitin da take aiki, ɗakin mata, gado na kusa da taga. Ta je ta tambaye ta.

Ta je. Ban san abin da suka tattauna ba. Abin da na sani, ranar Asabar, wadda ba ranar aiki ba ce, sai ga ta a motar haya ba tare da ta sanar da ni ba. Ta ce ba asibiti za mu zauna ba, a kai ta shagon tela. Aka aika aka tara waɗanda ke kusa, mutum goma sha ɗaya. Ta zauna a benci a cikinsu, ta ce da bakinta, ta kuma sa na maimaita da nawa, cewa ko mutum bai taɓa zama ko na minti ɗaya ba, maganinsa na nan. Sannan ta ce kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake yi.

Da ƙyar aka fara. Wani ya ce sau biyu ya gwada ya bari. Wata ta ce da ta rufe ido barci ke ɗauke ta, kuma ita hakan ma ya yi mata. Tsohon nan da ya yi tambayar sito ya ce shi bai taɓa yi ba, don har yanzu bai gamsu cewa ba wani addini ake shigo musu da shi ba. Hajiya ta ce ya kyauta da ya faɗa, kuma babu dole.

Aka zo kan Malam Iro. Na gyara zama, don har lokacin ban cire zargin ƙwaya daga raina ba.

Ya ce, "Ni ina yi, amma ba irin naku ba. In na gama riga ɗaya, kafin in ɗauki wata, sai in sauke ƙafa daga keke, in jingina da bango, in bi numfashin nan. Ban taɓa aunawa ba. Ba ya wuce a ɗaura zare a cika kwarkwaron keke sau biyu. A yini nakan yi sau biyar, sau shida. Da, in bayan ya soke ni, sai in ɗaure jiki in ƙara wa keke wuta don in gama da wuri, in koma gida kamar an yi mini duka. Yanzu in ya soka sai in tsaya in ji inda yake. Ciwon yana nan, ban ce ya tafi ba. Amma mun daina faɗa da shi."

Hajiya ta sa ya yi a gabanta, ta duba agogo. Minti huɗu.

Ta ɗago kai daga agogon. Sannan ta ce, a gaban kowa, "Arba'in da biyar ɗin nan haka aka ba mu, haka na kawo muku. Inda aka koya mana a kan kujeru masu taushi muke, kuma babu mai ciwon kwatangwalo a cikinmu. Ban tambaya ba ko dole ne sai an cika, ban kuma gaya muku ana iya yi a kwance ba. Wannan laifina ne."

A nan shagon aka sake tsari. Mai so ya fara da minti biyar, a zaune ko a kwance ko a jingine, yadda jikinsa ya yarda. In ya ji daɗi ya ƙara, in ya ga dama ya rarraba a yini. In zaman ya tayar da ciwo, a tsaya nan take a zo a faɗa. Aka daina karɓar kati a teburina. Wanda ya ga dama ya gaya wa ungozoma da baki bayan ya riga ya karɓi maganinsa. Daga cikin goma sha bakwai, bakwai ne suka ci gaba. Biyu daga ciki sun kai minti ashirin da kansu daga baya, sauran suka tsaya a gajere. Wasu sun ce yana taimaka musu, wasu sun ce ba su ga bambanci ba. In kuka tambaye ni yau minti nawa ne daidai, ban sani ba. Na dai san ba adadin da ke sa tsohuwa kuka ba ne.

Hajiya ta ajiye rahoton da ta shirya ta rubuta wani. Asibitinmu ya tashi daga na farko ya koma na ƙarshe, kuma na ji an ce ta koma sauran wuraren tana jera katuna gefe da gefe. Ni kuma aka aiko mini da takardar tuhuma daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce cikin kwana biyu. Na rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Aka ba ni gargaɗi, aka sa a fayil ɗina, yana nan har yau. Malam Ado na same shi a tagarsa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma sai da aka yi sallah ƙarama kafin ya koma cin abinci tare da ni.

Inna Dije ta yi kwana goma sha biyu a Kazaure. Likitan da ya duba ta ya ce gaɓar ta riga ta lalace, ko ba zaman nan wata rana za a zo nan. Wataƙila haka ne. Amma kwanakin da ta yi tana naɗe ƙafa a kan ciwo, ba ƙwayar magani ko ɗaya a gidan, wannan ba gaɓa ce ta jawo ba. Ba ta sake kai nono kasuwa ba. Da sanda take tafiya, iyakarta tsakar gida.

Bayan an sallamo ta na je gaishe ta, na kai mata maganinta da kaina. Na durƙusa a bakin tabarma na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tana asibiti, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har na miƙe zan tafi, sai ta kira ni.

Ta ce, "Likita, ranar nan da ka ɗaga katina, ai na buɗe baki. Cewa zan yi zaman yana tayar mini da ƙafar, ko akwai yadda za a yi. Da ka bari na ƙarasa, da shi ke nan."

A shekarun da na yi ina wannan aiki na koyi zargi, kuma ba zan ce muku ku daina ba, domin akwai mai shan ƙwaya a ɓoye, akwai mai cika takardar ƙarya. Sai dai mutanenmu ba sa yi wa ma'aikacin lafiya ƙarya don nishaɗi. In kuka ga layi guda ya haɗa baki a kan magana ɗaya, akwai abin da suke tsoro, kuma sau da yawa yana zaune ne a kan kujerarku. Wanda ya zo muku da rabin aiki kuwa, yana kame-kame, ya buɗe baki zai yi bayani, ku ajiye biro ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, ko da layi ya kai bakin titi.